Cibiyar Usaina

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata, na rubuta yadda na haɗu da babanku, amma duk lokacin da na iso shekarar tagwaye sai in rufe littafin in ce idona ke ciwo. Ba idon ba ne. Akwai maganar da kuka tashi kuna ji a gidanmu, wai Rifkatu maƙwabciyarmu ce ta sa aka farka cikina babanku ba ya nan, har muka rasa Hassana. Ba haka aka yi ba. Ke kuma Usaina, na san abin da wasu suka riƙa jefa miki tun kina ƙarama, wai an yar da lafiyayya don a tsamo ki. Ba ki taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa kiranki na zaunar da ke ba. Yau zan faɗa, daga farko har ƙarshe.

Lokacin muna ƙauyenmu na bakin dajin Kamuku, tun kafin daji ya lalace mu tattaro mu dawo cikin gari. Ku huɗu ne a ƙasa, shekaruna sun doshi arba'in, na ɗauka ma na gama haihuwa. Sai ga ciki, mai nauyin da ban taɓa ɗaukar irinsa ba. Yana wata biyar amma duk wanda ya gan ni sai ya yi mini fatan sauka lafiya. Gwaggonku Lami, yayar babanku, ita ce ungozomar ƙauyen, har rugagen Fulani ake zuwa ɗaukarta a kan babur. Ta kwantar da ni a tabarma, ta shafa man kaɗe a hannu, ta lalluba cikin sama da ƙasa, sannan ta ce biyu ne. Babanku ya yi murna har ya kasa ɓoyewa, shi da ba ya nuna komai a fuska.

Ni kuwa tun kafin a gaya mini na san su biyu ne, kuma na san ba ɗaya suke ba. Ta dama tana naushi kamar mai neman a buɗe mata ƙofa, har zanina yakan motsa. Ta hagu, can ƙasa, motsinta bai wuce na ɗan kifi a cikin ƙwarya ba. Wani lokaci sai in wuni ban ji ta ba, in ajiye tsintsiya in zauna in dafa wurin ina jira.

Rifkatu kaɗai na gaya wa. Ku manya kun san ta, ƙananan kuwa sunanta kawai kuka sani, shi ma ba ta hanyar alheri ba. Bagwariya ce, Kirista, tana aiki a asibitin sha-ka-tafi na ƙauyen. Zana ɗaya ce ta raba gidanmu da nasu. Ta saman zanar nan muke miƙa wa juna garwashi da daddawa da labari. In Kirsimeti ta zo sai ta kawo kajinta babanku ya yanka mata, don mu ma mu ci. Shekara goma sha uku muka yi a haka, ko harara ba ta taɓa shiga tsakaninmu ba. Da na gaya mata, ta ɗauko ɗan ƙahon da suke sauraron ciki da shi, ta ɗora kunne ta daɗe, ta koma ɗaya gefen ta fi daɗewa.

"Saude, ki je gari a yi miki hoton ciki," in ji ta. "Ina jin ta biyun, amma daga nesa nake jin ta."

Yaya Lami ba ta so ba. Ta ce tagwaye nawa ta karɓa da hannunta ba hoto ba inji, kuma ai dole ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi. Bayan kwana biyu, ranar kasuwa, babanku ya ce in shirya. Mai hoton na Birnin Gwari ya yi ta zagaya na'urarsa a cikina yana kallon allon. Ya rubuta takarda ya ba babanku, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, mu wuce Kaduna kada mu jinkirta.

Damina ce, masara ta fara bunƙasa. Cikin ya shiga wata na bakwai sa'ad da muka isa babban asibitin Kaduna, ni da babanku da Rifkatu, wadda ta ɗauki hutu ta ce za ta sauka wurin ƙanwarta ta riƙa taya ni jinya. Likitar da ta duba ni wata 'yar siririya ce mai tabarau, ba ta kai ni shekaru ba, amma tana magana a hankali kamar wadda ta san abin da kowace kalma za ta yi wa mai jin ta. Ta juya bayan katina ta zana mana da biro. Ta ce yaran mata ne, kuma mabiyiya ɗaya suke tarayya a kai, daga nan suke ci suke sha. Cibiyar babbar ta kafu a tsakiyar mabiyiyar, inda abinci yake. Cibiyar ƙaramar kuwa ba ta kai ga mabiyiyar ba sam. A jikin tantanin jakar ruwa ta tsaya, daga nan jijiyoyinta suka rarrabu suka bi tantanin a tsirara, ba abin da ya lulluɓe su, har suka iske gefen mabiyiyar suka maƙale a ɗan lungu. Shi ya sa ba ta girma. Kuma ɗaya daga cikin jijiyoyin ta gitta kusa da bakin mahaifa. In faya ta fashe a gida, jijiyar na iya tsinkewa, jinin yarinyar ya ƙare kafin a ɗora tukunyar ruwan zafi.

Babanku ya tambaya, "To, babbar fa?"

"Babbar lafiya lau take a yau," in ji likita. "Amma jininsu a haɗe yake. In ƙaramar ta rasu a ciki, abin zai iya taɓa babbar. Wata takan tsira ba abin da ya same ta, wata takan bi 'yar'uwarta, wata takan fito da lahani a ƙwaƙwalwa. Ba wanda zai rantse muku wanne zai faru."

Ta ce za su kwantar da ni su riƙa dubawa, duk kwanan da aka ƙara riba ce ga su biyun. In ƙaramar ta fara gazawa, sai a yi shawarar ciro su ta hanyar aiki, su fito bakwaini. Babanku bai ji daɗin kalmar aiki ba. A ganinsa ga yarinya lafiyayya tana zaune a inda Allah ya ajiye ta, don me za a fito da ita ɗanya? Ya kwana uku tare da mu, sannan dole ya koma, ga taki bai sa ba, ga ku huɗu a hannun Yaya Lami. Da zai tafi ya tsaya a gefen gadona, hularsa a hannu.

"Kwana biyar zan yi. Kada a taɓa ki sai na dawo. Kin ji ko?"

Na ce na ji, Malam.

Kwana biyu da tafiyarsa, da safe, likitar ta sake ɗora na'urar. Na ga ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta kira wani babban likita, suka yi ta magana da Turanci ƙasa-ƙasa. Sannan ta jawo kujera ta zauna daidai kaina. Ta ce jinin da ke zuwa wa ƙaramar ya fara tsayawa, har yana neman komawa baya. Ba maganar makonni ba ce yanzu, maganar kwanaki ce, ƙila ma ba su kai uku ba. In aka ciro su, kowaccensu tana da rabon rayuwa, amma huhunsu bai nuna ba, ana iya rasa ɗaya, ana iya rasa duka. In aka jira, ƙaramar kusan tabbas za ta tafi, babbar kuma sai abin da Allah ya yi. Ta ce za su yi mini allurar da ke taimakon huhun jarirai, ɗaya yau ɗaya gobe, in yi tunani kafin nan.

Rifkatu ta fita da gudu neman waya. A lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyenmu ba, sai dai a kira wani mai shago a gari ya aika ɗan saƙo. Mai shagon ya ce ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya tun shekaranjiya, rafin da ke tsakanin gari da ƙauyenmu ya cika ya tumbatsa, ko Fulani ba sa ratsawa da shanu. Aka bar masa saƙon. Washegari ta sake kira, rafi bai sauka ba.

Ga abin da nake so ku riƙe da kyau. Ni na tambayi Rifkatu, ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Na riƙe hannunta na ce ta gaya mini abin da zan yi, tunda ita ce mai ilimin abin.

"Ba zan ce ki yi ba, ba zan ce kar ki yi ba," in ji ta. "In don ta ni ce ma, tsoro nake ji, na fi so mijinki ya zo. Amma ba a cikina suke ba, Saude."

Iyakar shawarar da ta ba ni ke nan. Na yi alwala da ƙyar, na yi azahar a zaune, na roƙi zaɓin Allah. Daga nan na kwanta ta gefe na dafa hagu. Ta dama tana ta harbinta kamar kullum. Ta hagu shiru. Na jira har masu kawo abinci suka zo suka tafi, har aka kira la'asar a masallacin asibiti. Sai na ji ta, sau ɗaya, a hankali, kamar an taɓa ni da ɗan yatsa daga ciki. Ba zan ce muku na auna komai a mizani ba, ba ni da wannan wayon. Abin da na sani kawai, ba zan iya kwanciya ina sauraron ta tana ƙarewa ba, in ce ina jiran rafi. Na ce a kira likita.

Aka kawo takarda. A lokacin ban iya rubutu ba, yatsa na dangwala. Likitar ta ce ana bukatar wani babba ya sa hannu a matsayin shaida cewa an yi mini bayani na yarda. Ba kowa sai Rifkatu. Ta kalle ni, na gyaɗa kai, ta rubuta sunanta cikakke a ƙasan dangwalena.

Washegari da hantsi aka shiga da ni. Babbar aka fara cirowa, ita ce Hassana, ta yi kuka har na ji ta daga bayan labulen da suka kare ni da shi. Usaina, ke ba ki yi kuka ba. Rifkatu ta ce da ta gan ki ba ki fi tafin hannun babanku da wani abin kirki ba, fatarki kamar ta ɗan tsuntsun da bai yi gashi ba. Aka sa ku a kwalba ku biyu. Da yamma wata nas ta zo da mabiyiyar a cikin tasa, don Rifkatu ta roƙe ta a nuna mini kafin a naɗe. Na gani da idona. Cibiya ɗaya kakkaura a tsakiya. Ɗayar siririya, can waje, jijiyoyinta shimfiɗe a kan tantanin kamar saiwar da ruwa ya tone. Nas ɗin ta ɗaga tantanin ga hasken taga, sai ga su ja da shuɗi, ba su fi zaren ɗinki da yawa ba. A kan wannan zaren kika rayu wata bakwai.

Kowa a ɗakin jariran ke yake jiye wa tsoro. Amma ke kina ta jan numfashinki ƙanana-ƙanana, ba ki fasa ba. Hassana ce a rana ta biyu ƙirjinta ya fara lotsawa in ta ja iska. Suka sa mata roba a hanci, suka yi abin da za su iya, ban ga sakacin kowa ba. Likitar ta ce mini wani lokacin yaron da ya sha wuya a ciki huhunsa kan riga na ɗan'uwansa nuna. Rana ta huɗu, bayan azahar, aka turo ni a keke aka ɗora mini ita a cinya. Kyakkyawa ce, mai gashi kwance, hancin babanku sak. Ta riga ta tafi.

Babanku ya iso da la'asar ɗin ranar, wandonsa da taɓo har gwiwa, ya ratso rafin da ruwa iya ƙirji. Aka fara kai shi ya ga gawar. Sannan ya nemi a nuna masa takardar. Ba shi da boko mai zurfi, amma yana iya haɗa baƙi. Ya shigo ɗakin da takardar a hannu, Rifkatu na zaune a bakin gadona. Bai ɗaga murya ba, ya fi ban tsoro in bai ɗaga ba.

"Wa ya ce a yanka ki?"

Na buɗe baki, babu abin da ya fito. Na juya fuskata ga bango. Ina jin numfashinsa, ina jin ƙarar fankar sama. Sai Rifkatu ta miƙe.

"Malam, ni na sa hannu."

Gaskiya ta faɗa, amma ta san yadda zai ji ta, ni ma na sani. Ya dube ta ya ce, "Allah ya isa tsakanina da ke." Ta ɗauki jakarta ta fita. Ni kuwa fuskata na ga bango, ban juyo ba.

Shi da wasu bayin Allah da bai san ko sunansu ba suka kai Hassana maƙabartar da ke kusa da asibitin. Mu kuma muka ƙara wata ɗaya da kwanaki kafin a sallame mu. Da muka koma ƙauye na tarar babanku ya cire zanar nan ya ja katangar ƙasa, doguwa. Labari ya riga ya zagaya. Mata suka rage zuwa awo wurin Rifkatu, wasu mazan suka hana matansu ko gaishe ta. Kafin wata damina ta nemi a canza mata wurin aiki, suka kwashe kayansu a akori-kura. Ina cikin ɗaki ina shayar da ke, ina jin ana ɗaure kaya, ban fito ba.

Yaya Lami ce ta raine ki tare da ni, wannan kam ba zan ci haƙƙinta ba. Ita ta riƙa ɗaure ki a ƙirjinta cikin zani, fata da fata, in na gaji. Wata rana muna zaune mu biyu na kwatanta mata yadda na ga mabiyiyar. Ta ajiye audugar da take kaɗi. Sannan ta ce ta taɓa ganin irinta sau ɗaya, a wata ruga. Faya na fashewa sai jini, uwar lafiya lau, yaron ya fito fari fat ba rai, ita kuma ta yi shekaru tana tunanin ko hannunta ne. Ta share ido da bakin zani. Na ɗauka za ta faɗa wa ƙanenta. Ba ta faɗa ba, ni ma da nake da abin faɗa mafi girma ban faɗa ba.

Kada ku ɗora wa babanku. Mutum ne da ya bar 'ya mai rai ya dawo ya tarar da gawa, kuma ba wanda ya gaya masa gaskiya. Sau da yawa na yi niyya. Ran da aka yaye ki na yi niyya, ran da kika shiga makaranta yana ɗauke da ke a kafaɗa na yi niyya. Kullum sai in ce bari ya ƙara hucewa. Da ya huce kuma sai na ji tsoron tayar da abin da ya kwanta. Har ciwon da ya ɗauke shi ya zo, bayan mun dawo gari, ya rasu yana ganin matarsa ba ta taɓa tsallake maganarsa ba. Wannan nauyin nawa ne, da shi zan je gaban Ubangiji. In kuka tambaye ni ko na yi nadamar dangwala yatsan, ban yi ba. Na yi kukan Hassana fiye da yadda kuke zato, har yau in na ga tagwaye sun girma tare sai na kau da kai. Amma da za a mayar da ni gadon nan, ƙaramar ta taɓa ni haka, da na sake kiran likita. Shirun da na yi ne nake nadama.

Bara, bayan sallar layya, na ce muku zan je Kaduna ganin likitan zuciya. Na gan shi, amma ba don shi kaɗai na je ba. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ta yi mini kwatancen inda Rifkatu take. Su ma 'yan bindiga sun tashe su daga ƙauyen da suka koma, mijinta ya rasu, tana zaune wurin ɗanta a wata unguwa ta bayan gari. Na same ta a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa da lalube, don yanar ido ta rufe mata gani. Ina yin sallama ta ɗago kai.

"Saude?" in ji ta. Shekara ashirin da wani abu, amma sallama ɗaya ta ishe ta.

Na durƙusa a gabanta, na faɗi abin da na zo faɗa, ina kuka kamar yarinya. Ta bar ni har na gama.

"Tashi, gwiwarki ba ta yara ba ce," ta ce. "Da kin buɗe baki ran nan, da ya sake ki a kan gadon asibiti, da ɗinki a ciki da bakwaini a kwalba. Wa zai riƙe ku? Na san abin da nake yi. Wannan na yafe tun ban bar ƙauyen ba."

Na kama hannunta zan yi godiya, ta janye a hankali.

"Amma akwai wanda ya ci mini rai. Wata takwas ina bayan katangar nan ina jin kukan yarinyar. Ko sau ɗaya ba ki ɗaga ta sama na gan ta ba."

Muka zauna, na ja tiren na taya ta ɓarar gyaɗar. Can ta tambaye ni ko kin yi tsayi. Na ce kin fi ni da kai guda, kin yi aure, har kina goyo. Ta yi dariya, ta ce abin da bai fi tafin hannu ba, ta sake maimaitawa tana girgiza kai. Da zan tafi ta raka ni bakin ƙofa tana dafa bango. Ta ce yanzu ko an ɗaga ki ba za ta gani ba, amma hannunta yana gani.

Usaina, kwatancen gidan yana bangon ƙarshe na littafin nan. Kada ki aika kowa, kada ki jira ni. Ki je da kanki, ki durƙusa, ki bar ta ta shafa fuskarki.